Mutumin da Aljihunsa ke Dama

A ɗakin kakata, wadda ta haifi babana, akwai wani namiji da ya riga ni zama a gidanmu na Filinge, ya ma riga babana. Zane ne a kan takarda mai kauri, launinta kamar na nonon da ya kwana. Tana kwance a ƙasan adaka tsakanin zannuwan saƙi biyu, shi ya sa duk ranar da aka fito da ita sai ta taho da ƙanshin shuni da turaren wuta. Mutumin ya ɗan karkata kafaɗa, amma idonsa a kanka yake. Akwai rawani a kansa, ba mai girma ba, da riga mai aiki a ƙirji. A ƙasa akwai layin rubutun Faransanci da gara ta ci rabinsa. Abin da ya rage ya nuna cewa mutumin ƙasar Hausa ne. Babu sunansa, babu garinsu.

Kakana, mijinta, shi ya kawo takardar. Masinja ne a ofishin gwamnati tun zamanin Nasara. Wata rana aka buɗe wani kabad na tsofaffin littattafai aka tarar gara ta mai da shi gida, aka ce ya kwashe ya ƙone. Yana cikin zuba su a wuta sai wannan takarda ta zame ta faɗi kusa da ƙafarsa. Ya ce goshin mutumin ya fara gani, da yadda ya ɗaga haɓa, sai ya ga kamar surukinsa ne ke dubansa daga ƙasa. Ya soke ta cikin riga ya kawo wa matarsa.

Surukin nan, wato mahaifin kakata, bai taɓa sanin fuskar ubansa ba. Yana goye uban ya bi ayari gabas da kayan fatu. Aka ce an gan shi a Sakkwato, aka ce ya wuce Kano, daga nan labari ya yanke. Abin da yaron ya tashi da shi kawai shi ne maganar uwarsa: ubanka dogo ne, ba ya son hayaniya, kuma yana da bille a kuncin hagu. Wannan na ƙarshe ba abin mamaki ba ne, domin kowane ɗa da kowace ɗiya ta gidan nan a kuncin hagu wanzami ke yi musu, tsaga guda a karkace, daga gefen hanci ta gangara. Kakata ma tana da nata.

Ta sha ba ni labarin ranar da ta kai wa mahaifinta takardar. Yana zaune a gindin gawo a ƙofar gida. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta dubawa har inuwa ta matsa ta bar shi cikin rana, bai ankara ba. Cikin layukan da suka cika fuskar akwai guda ɗaya mai kauri a kunci, wanda kowa ya yarda bille ne. Tsohon ya ɗora yatsa a kansa, ya ɗora a nasa kuncin, ya juya takardar ya sake gwadawa kamar mai fuskantar mutum. Sannan ya miƙa mata.

"Wanga billenshi a dama yake. Na babana hagu ne. Ɗauke."

Bai sake tambayar takardar ba har ya rasu. Ita kuwa ba ta yar ba. Ba ta kira mutumin kakanta ba, ba ta kuma kira shi baƙo ba. In za ta ambace shi sai ta ce "mutumin adaka".

Lokacin da nake lakwal, wato makarantar boko, bayan azahar, in zafi ya kwantar da gidan, har kaji sun yi shiru a ƙarƙashin rumbu, nakan shiga ɗakinta in roƙa ta fito mini da shi. Ni jikanta ne na fari, don haka mijinta nake a wasa, kuma ba ta hana miji abu. Takan sa in wanke hannu, in goge a zaninta, sannan ta shimfiɗa takardar a kan tabarma daidai inda hasken ƙofa ke faɗowa.

Akwai wani wasa da na gano ni kaɗai. In na kawo hancina kusa da takardar sosai, mutumin sai ya tafi. Babu fuska, babu rawani, sai layuka ƙanana baƙaƙe jere da juna, wasu sun lanƙwasa, wasu sun gitta wasu kamar saƙar faifai. Sukan tuna mini da gonakin kwarin Dallol in ka hau dutse ka leƙo su bayan an yi huɗa. Inda layukan suka matsu, yamma ta yi. Inda suka ware, hantsi ne. A tsakiyar goshi akwai wani fili da ba a taɓa shi ba ko kaɗan, takarda ce tsirara, kuma nan ne ya fi ko'ina haske. Sai in ja da baya a hankali, a hankali, har in kai wani wuri, kamar tsawon hannu, inda mutumin ke dawowa gaba ɗaya ya dube ni. Na yi ta neman in kama daidai lokacin da yake isowa, ban taɓa kamawa ba.

Wani lokaci barci kan ɗauke ni a nan kan tabarma. Sai in gan ni ƙarami ina tafiya tsakanin layukan kamar mai bin kunyar gero, in hau kunci, in gangara gefen hanci, in isa bakin ido. Idon rijiya ce mai zurfi, a can ƙasa akwai ɗigon fari guda, kamar yadda sama ke zama a ƙasan rijiyar unguwarmu. Ba na jin tsoro. Nakan zauna a bakin in jira ko wani zai yi magana, har kakata ta taɓa ni ta ce la'asar ta yi.

Matan da ke shigowa gidan su ba su ga gona ba. Tsage suka gani. A wurinsu duk layin da ke kan fuskar mutum aska ce ta yi shi, kuma yana da abin da yake faɗi. Wata maƙwabciyarmu da wata Bafillatana mai kawo mana nono sukan sunkuya a kan takardar su yi ta gardama.

"Wanga wane wanzami ya samu haka? Har wuya, har bayan kunne!"

"Bagobiri ne, ba ki ga kumatun ba?"

"Wane Bagobiri? Gobirawa har a goshi suke yi? Wanga dai uwarshi ba ta son shi."

Sai su kwashe da dariya, su koma kan riga. Nan ne kowa ya samu abin faɗi, domin aljihun rigar, da duk aikin da aka yi masa, a ƙirjin dama yake. Babu maɗinkin da ke sa aljihun babbar riga a dama. A hagu ake sa shi, yadda hannun dama zai shiga ba wahala. Maƙwabciyar ta ce ko dai telan bahago ne, ko kuwa Nasaran da ya yi zanen daga kansa ya ƙago mutumin. Wannan magana ta biyu ita ta zauna a gidan. Kakata takan yi dariyar tare da su, amma na lura in sun fita takan daɗe kafin ta mai da takardar cikin adaka.

Na girma na tafi Yamai, babban birninmu, na shiga aikin rediyo. A can aka koya mini in raba abin da na gani da abin da aka ce mini, in kuma faɗi abu yadda wanda ba ya wurin zai gan shi da kunnensa. Na saba da hakan har ya bi ni gida. Kakata takan ce tun da na shiga akwatin nan ba a iya hira da ni, ko ruwa aka yi sai na tambayi wa ya gani.

Wata shekara na zo hutu na tarar yanar ido ta fara rufe mata gani. Tana gane mutum da tsayinsa da muryarsa, sauran kuwa sai lalube. Ta fara rabon kayanta ba tare da ta kira shi rabo ba: wannan ta ba ta ƙwarya, waccan tasa. Da na shiga gaishe ta, ta sa na jawo adakar.

"Maigida, zauna. Akwai maganar mutumin nan."

"Wane mutum kuma? Ina Yamai ina neman abin cefane, ke kina nan kina tara maza?"

"Rufe mini baki, ango marar lefe. Wanga ya riga ka, ya riga wanda ya riga ka."

Ta gaya mini wani ɗan ƙanenta mai yawan zuwa wa'azi ya ce mata mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Na fara shirin ba ta amsa, ta ɗaga hannu.

"Ba wa'azinshi ya dame ni ba, yaron da na yi wa wanka. Amma ya tuna mini. In kakana ne, ɗiya ta mutu kusa da kakanta ba abin kunya ba ne, mala'iku ma sun san zumunci. In kuwa baƙo ne, mi za a ce? Masu wanka su buɗe adaka su tarar tsohuwa ta ɓoye namiji tun tana amarya?"

Ta yi dariya, ni ma na yi. Sannan ta daina.

"Kai ne kake faɗa wa duniya gaskiya safe da maraice. To ni ma faɗa mini. Shi ne ko ba shi ba?"

"Ban sani ba, Kaka."

"Je ka ka sani. Ka dawo mini da Salla. In ba ka da magana, wutar da ya tsere mawa tana nan tana jiran shi."

Na san za ta aikata. Na kuma san ba ta so. Na koma Yamai ba ni da wata dabara, domin wa zan tambaya labarin mutumin da ko sunansa ba a rubuta ba?

Ana nan sai aka tura ni ɗauko rahoto a wani ɗan zaure inda aka baje tsofaffin zane-zanen fuskoki na ƙarni na goma sha tara, aro daga waje. Aikin da ba wanda ke so ne a ofis, domin yaya za ka nuna wa mai sauraro hoto? Na tafi da rikoda a kafaɗa. Zauren ba kowa sai wata mata mai kula da wurin da fanka tana juyawa a sama.

Fuskoki ne iri-iri, yawanci na mutanen can: wani tsoho mai saje, wata mata ta rufe kai da mayafi, wata yarinya tana kallon gefe. Wasu da fensir aka yi su, wasu da gawayi. A waɗannan inuwa tana da laushi, ka ga inda mai zanen ya murza da yatsa har baƙin ya baje kamar hayaƙi. Sauran kuwa irin na adakar kakata ne. Ina ganinsu na gane su, kamar ka ji harshen garinku a tashar mota. Babu murzawa a cikinsu. Duk duhun da ke wurin layi ne aka ja kusa da layi, in ana son ya ƙara duhu a gitta wasu a kai. Na tsaya a gaban matar mai mayafi na daɗe. Mai zanen ya zuba duk haƙurinsa a idanunta da hannayenta da ta harɗe a cinya, har jijiyoyin bayan hannu ana gani. Rigarta kuwa layuka kaɗan ya ja ya bar ta. Na fahimci yana gaya mini inda zan duba, da abin da ya ɗauka shi ne matar. Na tuna mutumin adaka: shi ma a fuska aka daɗe, da aljihu. Hannun rigarsa da ƙyar aka nuna shi.

Mai kula da wurin ta kai ni gaban wani akwatin gilashi, ta yi mini bayani cikin rikoda. Farantin jan ƙarfe ake samu, a shafe shi da kakin zuma. Mai zane ya ɗauki allura ya yi zanensa a kan kakin, duk inda allura ta bi ƙarfe ya bayyana. Sai a tsoma farantin cikin wani ruwa mai cin ƙarfe, irin na batir, ya ci inda aka buɗe masa, ya bar inda kaki ya rufe. A wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman tas, a ɗora takarda mai danshi a matse da ƙarfi. Takardar ce ke shiga cikin ramukan ta tsotso tawadar. Shi ya sa layukan ke ɗan tasowa a kanta, wanda aka fi zurfafawa ya fi tasowa. Ina saurare ina tunanin wanzamin unguwarmu, yadda yake tsagawa ya shafa baƙin tukunya ya goge. Ashe matan gidanmu ba su yi nisa da gaskiya ba. Aska ta bi ta wurin, sai dai fuskar ƙarfe ta tsaga.

Ta ƙara da cewa sau da yawa wanda ya ga mutumin daban, wanda ya yi farantin daban. Matafiyi ya zana da fensir a hanya, ya kai gida, wani ma'aikaci da bai taɓa barin garinsu ba ya kwafe a kan ƙarfe.

A cikin akwatin an ajiye faranti guda tare da takardar da aka buga da shi, gefe da gefe. Yarinyar nan ce mai kallon gefe. A kan ƙarfen tana kallon ƙofar zauren. A kan takardar tana kallon taga.

Na tambayi mai kula da wurin ko kullum haka ne. Ta ce kullum a juye zanen ke fitowa a takarda, kamar hatimi. Ma'aikaci mai lura sosai yakan juya zanen tun a kan ƙarfe don ya fito daidai, amma da yawa ba sa damuwa, musamman in mutumin da aka zana ba zai taɓa ganin abin ba, balle ya yi ƙorafi.

Da na koma ofis ina sauraren abin da na ɗauko, na tarar da wani dogon wuri inda babu muryar kowa, sai ƙarar fanka. Ban san na yi shiru haka ba. Aljihun nake gani a lokacin. Shekara da shekaru muna yi wa telan dariya.

Sallar ta faɗo bayan girbi. Motar ta bi kwari ta yi arewa, gonaki duk an kwashe, shanun Fulani sun bazu cikin kara, goruba tsaye ɗaya-ɗaya kamar masu jiran wani. Bayan Bonkuku na yi gyangyaɗi, na riƙa ganin karan da ke kwance a gonaki kamar layukan allura, dutsen gefen kwari kamar kafaɗar mutum. A jakata akwai gilashin ƙara girma da na saya a wurin masu gyaran agogo.

Ban yi mata maganar ba sai washegarin Salla da hantsi, da gidan ya ɗan lafa, ƙanshin suya ya cika tsakar gida. Na ce ta ba ni mutumin in duba tukuna.

"Ka taho da magana ko ka taho cin nama?"

"Duka biyu. Miji ba ya zuwa da abu ɗaya."

Na shimfiɗa takardar a wurin da na saba, na sa gilashi. Abu na farko da nake so in tabbatar shi ne billen kansa, kada ya zama inuwa ce muka ɗauka tsaga, yadda maƙwabta suka ɗauki sauran. Layukan inuwa duk hanya ɗaya suka bi, suna lanƙwasa da kuncin, sirara, bakinsu na ƙarewa kamar gashi. Shi wannan ya yanko su a karkace, ja guda, mai kauri, kuma a gefensa an bar wani siririn fari da ba a taɓa ba, yadda tsohon tabo ke kama haske. Ba inuwa ba ce. Wani ya ga tsaga a fuskar mutum ya zana ta, wani kuma ya kwafe ta da kulawa ko da bai san me take nufi ba.

Sannan na ɗauko ƙaramin madubinta mai bayan gwangwani na tsayar a gefen takardar. Aljihu ya koma hagu. Bille ya koma hagu. Kafaɗar ta karkata ta ɗaya gefen, rawanin ya zauna yadda ake naɗa shi. Mutumin da na sani tun ina yaro ya zama kamar ya sauke wani kaya, kamar wanda ya daɗe yana kwance a kan hannu ɗaya aka juya shi. Na ga kamar akwai babana a bakinsa, amma ban riƙe wannan ba, domin ido yakan ga abin da yake so.

Na matso da ita, na riƙe mata madubin. Ta sunkuya, ta buɗe ido iya buɗewa, ta juya kai gefe.

"Farin hayaƙi nika gani, maigida. Faɗa mini da baki."

Na faɗa mata yadda nake faɗa wa masu saurare, daki-daki: ƙarfe, kaki, allura, ruwa mai ci, tawada, takarda mai danshi. Na tuna mata hatimin ofishin mijinta, yadda rubutunsa ke baibai a jikinsa ya fito daidai a takarda. Na ce wannan ma haka ne, sai dai a nan daidai ɗin yana kan ƙarfe, takardarmu ita ce baibai. Na ce shaidata aljihu ne.

Can ta ce, "Ashe telan ba bahago ba ne."

"Ba bahago ba ne."

"Allah ya yafe muna. Mun ci naman bawan Allah."

Ta miƙo hannu, na ɗora yatsanta a kan fuskar. Ta bi a hankali, daga rawani zuwa goshi, ta tsaya a filin da babu komai, ta gangara. Yatsun da suka shekara suna tsince tsakuwa daga gero ba su sha wahala ba. Da ta iso kuncin ta tsaya.

"Ga shi nan. Ya fi 'yan'uwanshi tashi."

Ta bi shi daga sama zuwa ƙasa, ta sake bi. Sannan ta ɗauki takardar da hannu biyu, ta ɗaga ta, ta kifa ta a kan fuskarta, yadda na ce ana kifa takarda a kan ƙarfe. Ban ce ta yi ba. Daga inda nake zaune bayan takardar kawai nake gani, da hasken ƙofa yana ratsa ta, inuwar mutumin na nunawa kaɗan-kaɗan ta baya. Billensa ya sauka a gefen hagu na hancinta, inda nata yake. Ta zauna a haka. A waje wani yana sara ƙashi a kan turmi, yara suna rigima a kan wutsiyar rago. Ina jin numfashinta yana ɗaga takardar yana saukewa.

Da ta sauke, ta ɗora ta a cinya.

"To. Ka ce shi ne?"

"Ban ce ba, Kaka. Abin da na sani, mutumin da aka zana billensa a hagu yake, aljihunsa a hagu. Masu bille a hagu suna da yawa a ƙasar Hausa. Wanda ya san sunansa ya mutu tun kafin a haife ki."

"Kai dai mugun miji ne. Ko ƙarya ba ka iya yi wa mace da Salla."

"In na yi miki, za ki gane."

"Zan gane."

Ta shafa gefen takardar inda gara ta ci. Muryarta ta sauka.

"Baba ya dube shi har rana ta kama shi. So yake ya zam shi ne, na gani a hannunshi. Kuma madubi na rataye a ɗakin inna, nan kusa. Ba wanda ya ce a ɗauko."

Muka zauna har hasken ƙofa ya janye daga tabarma ya hau bango.

Daga baya ta sa aka kira ƙanwata, ta ce ranar Juma'a a dama fura mai yawa a kai ƙofar masallaci sadaka. Ƙanwata ta tambaya ta wa. Ta ce ta wani matafiyi da ya bar ɗa a goye.

"Wutar fa?" na ce.

"Ta ci kara."

Ta miƙo mini takardar ta ce in mayar. Na ɗaga zannuwan saƙin zan sa ta a ƙasa inda take kullum, ta ji motsin ta ce a'a, a sama, yadda hannunta zai same shi ba sai ta tona ba. Na shimfiɗa shi a kan zanen sama, fuskarsa na kallon murfi. Hannuna da maiƙon nama, murfin ya kuɓuce mini ya bugu da ƙarfi.

"Kai, sannu-sannu da murfin nan," ta ce. "Kakana na ciki."